Tablon Hilux ɗina ya gaji: in cire shi in sa mai lambobi?

Isufu Adar, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nike nema wurin waɗanda sunka san wutar mota, tun ban ba da kuɗina ba.

Motata Hilux ce ta gazuwal, ƙirar 1994, mai injin 3L. Da ita nike kwaso albasa daga wajen Galmi da Madawa in kawo Tawa, in bazara ta matso kuma in kai dusa Abalak wurin masu dabbobi. Inji yanzu lafiyarshi lau. Tablo ne ya gaji. Allurar gudu rawa take yi tsakanin 60 da 90 ko ƙafata ba ta motsa ba bisa totur. Allurar mai kuwa, ko na cika tanki har baki ba ta kai ƙarshe, kuma da ta sauko rabi sai ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa kullum da jarka nike yawo bayan mota. Waɗannan biyu ina iya haƙuri da su. Wadda ta dame ni ita ce allurar zafi.

Bara cikin watan Afrilu, da rana tsaka, na baro Tsarnawa da lodi na nufo Badagishiri. Tiyon ruwa na ƙasa ya fashe, ruwan radiyata ya tsiyaye duka bisa kwalta, allura kuwa tana nan tsakiya inda ta saba zama. Ina duba ta, don wagga hanya da lodi ba a ɗauke ido. Sai da wari ya shigo mini, ƙarfin mota ya ragu, sannan na tsaya. Lokacin kulas, wato kan injin, ta riga ta tsage. Kuɗin kulas da juwan da jan mota da hannun makanike, ribar albasar bara ke nan ta tahi. Tun ranar ba ni da natsuwa da wagga allura. Kowane gari na iso sai na buɗe kapo na taɓa tiyo da hannu.

Satin da ya wuce wani yaro mai saida kayan mota ya gwada mini wani tablo cikin salularshi. Allo ne guda, babu allura ko ɗaya, sai lambobi masu haske: gudu, juyin inji, zafin ruwa da digiri, wutar batir, mai kashi nawa cikin ɗari. Ya ce cire tsohon ake yi a sa wanga gurbinshi, yini ɗaya an gama, kuma in na ba da rabin kuɗi zai sa a taho da shi. Abin ya shiga raina ƙwarai, don ni so nike in ga an rubuta 90 ko 105, ba allura da ke tsaye tsakanin C (sanyi) da H (zafi) ba.

To akwai wanda ya taɓa yin wanga aiki ga tsohuwar mota irin tawa? Wayoyin da ke cikinta za su yi da sabon, ko sai an sake komi? Yana ɗaukar zafin Tawa da ƙurar hunturu? Kuma in ya lalace ina Abalak, wa zai gyara mini? Jika 70, wato sefa dubu 70, na ware ma aikin, ba ni son in wuce. Allah Ya saka da alheri.

Haruna mai wutar mota, Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji Isufu. Allah Ya mayar da gurbin abin da aka rasa. Wannan sana'ata ce, muna nan wajen Katako, kuma irin motarka ba ta yanke mana. Kada ka ba da kuɗin tukuna.

Da a ce allon nan mai lambobi ne a motarka ranar Badagishiri, da kulas ɗin ta tsage duk da haka. Allura ƴar aike ce kawai. Mai auna zafin wani ɗan ƙarfe ne da ke ɗaure a jikin inji, bakinsa cikin ruwa, wanda muke ce wa sondi. Idan ruwa ya ƙara zafi sai ya ƙara barin wuta ta wuce, allura ta hau. To ranar da tiyon ƙasa ya fashe, ruwa ya zube cikin ƴan mintoci, bakin sondi a iska ya koma. Kulas tana ƙonewa, shi kuwa babu ruwan da zai kai masa zafin. Wani lokaci ma allura sauka take yi kaɗan, direba ya ɗauka inji ne ya samu iska. Sabon allon da ke karatu daga sondin cikin ruwa lamba mai kyau zai rubuta maka, ka ci gaba da tafiya hankali kwance.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba ka ganin motsinta ko da ruwa yana nan. Masu ƙera motoci da yawa da gangan suke sa allurar zafi ta zauna tsakiya a kan tazara mai faɗi, don kada direba ya riƙa firgita duk lokacin da aka hau tudu. Sai zafi ya yi nisa take tashi. A nan ka yi gaskiya, lamba ta fi allura. Amma lambar da ka fi buƙata ta ƙarfen kulas ce.

Ana sayar da ƙaramin agogo mai lambobi wanda sondinsa zobe ne, ana sa shi ƙarƙashin kan noti a ɗaure. Kada a taɓa manyan notocin da suka riƙe kulas kanta, waɗannan da awo ake ɗaure su. A nemi ƙaramin noti a jikinta, nesa da bututun hayaƙi. Wannan ko da ruwa ko babu ruwa zafin ƙarfe yake ji. Ka sayi mai ƙararrawa, wanda kai za ka sa wa iyaka. Yadda nake saita wa mutane, ka yi ƴan kwanaki kana aikinka da lodi, ka lura da lambar da ya fi kaiwa a tudu da rana, sai ka ɗora digiri 10 a kai ka sa ƙararrawa a nan. Ba na ba kowa lamba daga kaina, domin kowane noti da nasa zafi.

Cire tsohon tablo kuwa, ban goyi baya ba. Ba alluran kaɗai ke cikinsa ba. Akwai fitilar bujin ɗumama inji da kake jira ta mutu da asuba lokacin sanyi. Akwai wadda ke gaya maka ruwa ya taru a ƙasan filtar gazuwal, kuma kai mai shan mai a jarka cikin ƙauyuka ka san amfaninta. Akwai ta man inji da ta birki da ta caji. Sannan ka duba, akwai wadda aka rubuta T-BELT. Lissafin kilomita da ke cikin tablo shi ne yake kunna ta idan an cika 100,000, ta tuna maka da bel ɗin cikin inji. Injin 3L idan wannan bel ya tsinke, supap da piston haɗuwa suke yi, aikin ya fi na bara tsada. Allunan da ake kawowa na kowace mota ba su san da waɗannan fitilu ba, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya a jawo waya a huda musu wuri, aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne.

Ga masu tsofaffin motocin Turai da ke karanta mu, irin Mercedes 190, naku ya fi haka. Ta cikin ƙwan fitilar caji altanato yake samun ƴar wutar da zai fara aiki da ita. Ana kawo mana motar da aka cire wa tablo, batir yana mutuwa kullum, an sayi sabo, an canza altanato, alhali ƙwai ɗaya ne aka jefar tare da tsohon tablo.

Abu na biyu da zan ce ka saya shi ne ƙaramar mitar wuta mai lambobi, kuma ita ce mafi araha. Batir mai lafiya a tsaye wajen 12.6 yake nunawa, inji yana aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. Amfaninta gare ka ya wuce batun batir. A injinka fanbel ɗin da ke juya altanato shi ke juya famfon ruwa, kuma a bayan altanaton ne famfon da ke sa birki ya yi laushi yake. In kana tafiya ka ga 14 ta faɗo 12, ka sauka gefe nan take, mai yiwuwa fanbel ya tafi, ruwa ya daina zagayawa, birki kuma yana gab da yin tauri.

Mitar ƙarfin man inji, in kuɗi sun yi saura. Amma a yi hattara da zare. Ramin da ke jikin injin Japan zarensa 28 ne a inci ɗaya, sondin da ke zuwa cikin kwali kuwa galibi na Amurka ne mai 27. Ido ba ya bambance su. Yana shiga zagaye biyu ko uku ya cije, yaro ya sa ƙarfi, zaren inji ya lalace ko mai ya dinga tsatsowa. Kuma kada a rataya sondi mai nauyi a kan mahaɗin tagulla kai tsaye a jikin inji. Gargadar hanyar ƙauye tana karya shi, man inji ya zube duka. A jawo shi da tiyo a ɗaure a jikin mota.

Juyin inji ka bar shi. Gazuwal ba shi da bobin da za a ɗauko sigina, sai an buɗe altanato an jawo waya daga naɗinsa an zo ana saiti. Kunnenka ya riga ya san injin nan.

Duk wanda zai yi maka aikin, ka tsaya kansa a kan abu uku. Wuta a ɗauko ta daga wayar da ke mutuwa idan an kashe makulli, da ƙaramin fizibil nata. Mas, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a kai shi jikin inji, ba wani noti mai tsatsa ƙarƙashin sitiyari ba, don mas marar kyau shi ne yake sa lambobi su yi ta tsalle. Mahaɗin waya kuma a yi masa dalma, kada a murɗa a naɗe da salatif. Jika 70 ɗinka za ta isa wannan.

Abdul-Aziz, Yamai

Baba Alhaji barka da ƙoƙari. Ni a ganina ba sai an yanka waya ko ɗaya ba. Corolla nake ja ta 2006. Na sayi wani ɗan abu da ake kira ELM327, ana cusa shi a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Yana haɗuwa da salula ta Bluetooth, ka sauke manhajar Torque, shi ke nan. Ina ganin zafin ruwa da digiri, juyin inji, gudu, wutar batir, har ma in fitilar inji ta kama yana gaya mini lambar matsalar in goge ta. Kai ne za ka zaɓi yadda allon zai kasance. Kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Ka gwada wannan kafin ka kashe jika 70.

Haruna mai wutar mota, Yamai

Ƙanena Abdul-Aziz, a motarka dabararka daidai ce, amma ba za ta yi wa Alhaji ba. Abin nan ba ya auna komi da kansa, kwamfutar mota yake tambaya ta ba shi amsa. Kafar mai baki 16 ta zama dole a Amurka daga 1996, a Turai daga 2001 ga masu esansi, masu gazuwal kuma daga 2004. Hilux ta 1994 mai 3L famfon gazuwal ɗinta na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da za a tambaya, kafar ma babu ita. Hatta wasu motocin da suka zo bayan nan waɗanda aka ƙera don ƙasashen Larabawa da Afirka, za ka ga kafar amma abin ya ƙi magana da su.

Kai ma ka riƙa zare shi idan za ka ajiye mota kwanaki, don baki na 16 wutarsa ba ta mutuwa ko an cire makulli. Kuma lambar zafin da kake gani daga sondin cikin ruwa take zuwa, abin da ya samu Alhaji yana iya samunka.

Mamman Sani tsohon direba, Tawa

Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini wagga magana, na ce ya rubuta mini tawa.

Isufu, ni hanyar Tawa zuwa Agadas na ci abincina, tun ƙuruciya har gwiwa ta hana. Malam Haruna ya faɗi gaskiya bisa sondi, kuma ƙararrawa na yarda da ita. Amma lambobi ni ba su kwanta mini ba, kuma ba don tsufa ba ne.

Allura da wutsiyar ido ake ganinta. Idonka yana bisa rami ko raƙumin da ke shirin ƙetarewa, amma ka san tana wurinta. Lamba sai ka sauke ido ka karanta, 88 ce ko 98, kuma da ƙura bisa gilashi su biyun kama suke. Na zauna gaban motocin yara da sunka sa irin waɗannan. Masu jan haske, da rana ta faɗo musu ba ka ganin komi sai ka kare da tafin hannu. Masu ruwan gilashi irin na agogon hannu, in mota ta wuni rufe cikin rana watan Mayu, fuskar baƙi take yi sai ta huce. Da dare kuma haskensu cikin ido yake, mai tahowa ya dallo ka daga gaba, tablo ya dallo ka daga ƙasa. In za ka sa, ka nemi wanda ke rage haske in an kunna fitila, kuma ka sa shi ƙasa cikin inuwa kusa da rediyo. Bisa tablo gindin gilashi, wurin da ko hannu ba ka iya ɗorawa da azahar, ba zai yi maka shekara ba.

Ni abin da na riƙe duk aikina agogon zafi ne mai siririn bututun tagulla, wanda ba ruwanshi da batir ko waya. Ruwan magani ne cikin bututun, zafi ya kumbura shi ya tura allura, kuma da digiri rubuce bisa fuskarshi. Ko makulli na kashe yana aiki. Nan ne za ka ga yadda zafi ke ƙaruwa bayan ka kashe inji da ka gama hawan tudu, shi ya sa ba mu kashewa nan take. Aibinshi guda, in bututun ya lanƙwashe ya huje ya gama. Shi ma dai cikin ruwa bakinshi yake, to ka haɗa da zoben Malam Haruna.

Allurar gudu kuwa kada ka zargi tablo. Igiyar ƙarfe ce ta taho daga buwat, wato akwatin giya, tana juyawa cikin kube. In ta bushe ko ta lanƙwashe wani wuri, sai ta riƙa kamawa tana saki, shi ne rawar da kake gani. A zaro ta, a wanke da gazuwal, a duba in gashinta ya tashi a sake sabuwa. In lafiya take a shafa mata giris kaɗan, amma a bar wajen kamu guda daga sama ba giris, don in ya hau cikin agogo ya ɓata shi.

Sai tambaya guda. Da anka sake maka kulas, an mayar da kalorsta, wadda ke tsare ruwa sai inji ya yi ɗumi, ko an jefar? Makanikanmu da yawa cire ta suke, wai ƙasarmu da zafi. In babu ita lambarka za ta yi ta hawa da sauka, da safe inji ya ƙi ɗumi, ba za ka taɓa sanin wace lamba ce lafiyarshi ba. Digirin da take buɗewa yana rubuce bisa jikinta. Ka duba marfin radiyata shi ma. Marfi mai lafiya yana riƙe ruwa har kusan digiri 120 bai tafasa ba, mai mataccen roba kuwa da an kai 100 ya fara amai.

Isufu Adar, Tawa

Baba Mamman, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na tambayi makanike yau da safe, ya ce kalorsta tana nan, sabuwa ya sa. Marfin ne tsohon, zan sake shi. Malam Haruna na gode ƙwarai, na fasa ba yaron kuɗi. Bayanin sondi cikin iska ya warware mini abin da ya daɗe yana cin raina, don har yau ina cewa allurar ce ta mutu, alhali kullum da safe ina ganin tana tashi daga C.

Saura biyu. Na farko mai. Tunda tsohuwar allurar ta lalace, in sa mai lambobi gefenta ta ɗauko daga waya guda? Na biyu, tayoyina ba na asali ba ne. Motar da 205R16 ta zo, ni kuwa 7.50R16 na sa saboda lodi da rairayi. Yaron ya ce akwai agogon gudu mai aiki da tauraron ɗan Adam wanda ba ruwanshi da igiya. Wanga yana aiki inda babu rezo? Don bayan an wuce Tabalak akwai wuraren da salula ba ta kamawa.

Haruna mai wutar mota, Yamai

Baba Mamman ya cika abin da na bari, musamman wurin da za a sa agogon. Inda kawai na saɓa da shi, zafi ba abin da ake karantawa kowane daƙiƙa ba ne, kuma in da ƙararrawa ido yana iya zama a kan hanya.

Alhaji, batun mai. Agogo biyu ba sa zama a kan waya ɗaya, domin kowannensu yana tura tasa wutar zuwa tanki, sai su rikita juna duka biyun su yi ƙarya. Kuma ina kyautata zaton allurarka lafiya take. Cikin tanki akwai ƙwallo mai iyo da sanda, ƙarshen sandar yana gogar wata naɗaɗɗiyar waya. Shekara 30 yana goga, kuma inda ya fi goga shi ne tsakiya, don a nan mai ya fi zama. Idan wurin ya cinye, allura tana isowa rabi ta faɗi. Rashin kaiwa ƙarshe kuwa, ko ƙwallon ya sha mai ya yi nauyi, ko sandar ta lanƙwashe, ko mas ɗin tanki ya yi tsatsa. A cire kan batir, a zaro ƙwallon da sandarsa a sarari nesa da wuta da mai shan sigari, a sa masa mita a ɗaga sandar a hankali. Na Toyota na zamanin motarka wajen om 110 yake bayarwa idan tanki babu komi, wajen 3 idan ya cika, kuma ya kamata lambar ta sauka sumul ba tsalle. In ta yanke a tsakiya an gano ɓarawon, a nemo wani a kasuwar tsofaffin kaya.

Wannan lissafi shi ne abin da masu sayar da allo ba sa faɗa. Agogunan kasuwa kowanne da irin ƙwallon da aka yi shi dominsa, wani 240 zuwa 33, wani 10 zuwa 180, wani 0 zuwa 90. Ka haɗa na 10 zuwa 180 da tankinka, juye zai karanta, ka cika ya ce babu, mai yana ƙarewa lamba tana hawa. Ko an samu wanda ake saitawa, kashi cikin ɗari da yake rubutawa tsayin mai ne a tanki, ba lita ba, kuma tanki ba murabba'i ba ne. A gargada mai yana tangaɗi, lamba ta ce 40 ta ce 55. Tsohuwar allurar nauyin tashi aka yi mata da gangan saboda haka. A mai ita ta fi.

Agogon tauraro yana aiki ko'ina, ba ruwansa da rezo ko kati ko kuɗin intanet, sararin sama kawai yake so. A ɗora ƴar eriyarsa inda ƙarfe bai rufe ta ba. Idan ka tada mota yakan ɗan jima kafin ya kama, sai ka ga sifili kana tafiya, ba lalacewa ba ce. Kafin ka saya ma, sauke irinsa a salula ka gwada a miƙaƙƙiyar kwalta. Tayar da ka sa ta fi ta asali girma da wajen kashi 10 cikin ɗari, to ko an gyara igiya, in allura ta ce 90 kai kana kusa da 100. Da lodin albasa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne wurin birki.

Akwai wata hanyar, ta ɗaura ƙaramin sondi a bakin buwat inda igiya take. Igiyar motocin Japan juyi 637 take yi a kilomita ɗaya, sondi mai bugu 4 kuwa ya ba da 2548, da wannan lamba ake saita allon sannan a gyara saboda taya. Amma hakan yana nufin an cire igiya, lissafin kilomita na asali ya tsaya. Ranar da za ka sayar da motar mai saye zai ga agogo tsaye ya yi ta zargi, kuma fitilar T-BELT ba za ta sake kamawa ba. Ka bar igiya a wurinta, ka ƙara na tauraro in kana so.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin duk bayaninka. Igiyar da ta daɗe tana kamawa tana saki, ko ta taɓa tsinkewa aka yi ta yawo babu ita, lissafinta ba abin dogaro ba ne. Ka tambayi makanikenka ko ya sa sabon bel lokacin da ya buɗe kulas bara, ko tsohon ya mayar. In tsohon ne kuma babu wanda ya san kilomitarsa, ka fara da shi kafin kowane agogo, ko da jika 70 ɗin za ta ragu. In sabo ne, a rubuta lambar kilomita da fenti a kan murfin bel, a kuma danna maɓallin da ke mayar da fitilar, yana ɓoye ƙarƙashin wata ƴar roba a fuskar agogon gudu.

Idan an zaro ƙwallon tanki ka turo mini lambobi uku, sandar tana ƙasa, tana tsakiya, tana sama, da hoton jikin kulas ɗinka ta gefen da babu bututun hayaƙi, in nuna maka notin da za a sa wa zoben.